Kwana 98 na Babban Taron Ƙasa

Ranar 9 ga watan Fabrairu 1990 ɗaliban jami'a suka fito zanga-zanga a Yamai. A gadar Kennedy aka buɗe musu wuta, uku suka mutu. Tun ran nan ƙasa ta rabu biyu: ga gwamnatin Janar Ali Saibu da jam'iyyarta guda, MNSD, ga kuma ƙungiyar ƙwadago USTN da ta ɗalibai USN. Yajin aiki ya bi yajin aiki, har gwamnati ta yarda a kafa jam'iyyu da yawa, kuma a kira babban taron ƙasa.

Tun wajen shiri aka fara gardama. Kwamitin da aka ɗora wa shirya taron, mace ɗaya tak ke cikinsa. Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka cika titunan Yamai, sai da aka ƙara musu kujeru. Daga nan ne wannan rana ta zama ranar matan Nijar.

An buɗe taron ranar 29 ga Yuli 1991, da wakilai sama da dubu. Aka zaɓi malamin tarihi Andre Salifu, ɗan Damagaram, ya shugabance shi. Rediyo na watsa muhawara, mutane na kewaye da akwati a bakin kasuwa da gindin bishiya. An tono kisan gada, an tono abin da ya faru a Cintabaraden a 1990, an bi sawun dukiyar ƙasa. Magana ta yi zafi ƙwarai, wani lokaci har da zage-zage. Amma abin lura, Ali Saibu bai sa soja sun watsa taron ba. Ya zo da kansa ya amsa tambayoyi. Su kuma wakilai ba su kore shi ba: suka karɓe iko, suka bar masa kujera. A ganina wannan sassauci daga ɓangarorin biyu shi ya hana jini ya sake zuba a Yamai. Ranar 3 ga Nuwamba aka tashi, Amadu Shefu ya zama faraministan riƙon ƙwarya.

To, ba kowa ya koma gida da farin ciki ba. Buzaye da yawa sun ga ba a share musu hawaye ba, tawaye ya tashi a arewa, sai ranar 24 ga Afrilu 1995 aka sa hannu kan sulhu.

Ƴan siyasa ma, abin da ya haɗa su shi ne ƙin jam'iyya guda. Da ta kau, sai aka ga babu wani ƙulli. Mahamman Usman ya ci zaɓen 1993 da taimakon ƙawance, ƙawancen ya watse a 1994. A 1995 ƴan hamayya suka rinjaye majalisa, Hama Amadu ya zama faraminista. Tsarin mulkin 1992 bai fayyace iyakar ikon kowannensu ba, har taron ministoci ya gagara zama. Ranar 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da su duka biyun.

Sai a 2004, zamanin Tanja Mamadu, aka kafa majalisar sasantawa ta ƴan siyasa, CNDP, inda masu mulki da ƴan hamayya suka riƙa zama kan dokokin zaɓe kafin a kai su majalisar dokoki.