Bayani: Yadda ma'aikatan lafiya ke kallon shafukan sada ƙwararru

Shafukan sada ƙwararru dandali ne na intanet da aka gina domin harkar aiki da sana'a. Mutum yakan jera karatunsa da wuraren da ya yi aiki da ƙwarewarsa, sannan ya ƙulla alaƙa da abokan sana'a da masu ɗaukar ma'aikata.

Mafi girma a cikinsu shi ne LinkedIn, wanda aka buɗe a 2003, kamfanin Microsoft kuma ya saye shi a 2016 kan dala biliyan 26.2. Akwai na ma'aikatan lafiya zalla, irin su Sermo da aka kafa a 2005 da Doximity na Amurka da ya biyo baya a 2010. ResearchGate, wanda aka kafa a 2008, na masu bincike ne.

Dalilin karɓuwarsu

A Najeriya, batun ba ya rabuwa da ƙaurar ma'aikatan lafiya. A 2024, Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitoci 15,000 zuwa 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar.

A 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙasashe 55 masu tsananin ƙarancin ma'aikatan lafiya, ciki har da Najeriya da Nijar da Gana. Ƙa'idar Birtaniya ta hana zuwa farautar ma'aikata a waɗannan ƙasashe, amma ba ta hana mutum ya nemi aikin da kansa ba. Wannan giɓi ne ya ƙara wa shafukan daraja: a can ake ganin sanarwar gurbi, a can kuma waɗanda suka riga suka tafi ke yi wa na baya bayanin jarrabawa da rajista.

Masu zama a gida ma suna cin moriya, ta hanyar samun labarin tallafin karatu, tarukan ƙara wa juna sani da guraben ƙungiyoyin agaji.

Masu ɗari-ɗari

Ba kowa ne ya gamsu ba. A aikin asibiti, shaidar malamin da ya horar da mutum ta fi abin da mutum ya rubuta game da kansa nauyi, don haka wasu manya ke kallon shafukan a matsayin wurin yabon kai. Ƙa'idar aiki ta Hukumar Kula da Likitoci ta Najeriya ma ta taƙaita tallata kai.

Na biyu shi ne sirrin majinyaci. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta kiyaye shi, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Hoton rauni ko labarin tiyata da aka wallafa ba da izini ba na iya jawo wa ma'aikaci hukunci.

Na uku shi ne damfara. A 2025, binciken sashen Africa Eye na BBC ya bankaɗo dillalan da ke sayar wa 'yan Najeriya guraben aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya na bogi a Birtaniya. Duk tayin da ya zo da neman kuɗi kafin aiki abin zargi ne.

Iyakar amfaninsu

Shafi ba ya maye gurbin lasisi. Likitan da zai yi aiki a Birtaniya sai ya yi rajista da hukumar GMC, ma'aikacin jinya kuma da NMC, bayan hukumar ƙasarsa ta tabbatar da takardunsa. Shafin yana kai mutum bakin ƙofa ne kawai. Takardar shaida da amanar majinyaci su ke shigar da shi.