BAYANI: Gasar ƙwallon raga ta ɗalibai mata a Najeriya da tazarar da ke tsakaninta da 'yan matan Kura da Bunkure

Filin ƙwallon raga tsawonsa mita 18 ne, faɗinsa kuma mita 9. Hekta guda ta gonar shinkafa a Kadawa za ta ɗauki irinsa sittin, har a samu rara. Bayan fili, wasan ba ya neman komai sai raga da turaku biyu da ƙwallo. Duk da wannan araha, hanyar da za ta kai yarinyar da aka haifa a Kura ko Bunkure zuwa gasar ƙasa ta ɗalibai tana da tsawo, kuma yawancin shingayen suna can ƙasa, tun kafin a zo ƙofar jami'a.

Wannan bayani ya tattaro abin da ya kamata mai karatu ya sani game da gasar: asalinta, tsarinta, amfaninta ga 'yar wasa, da kuma waɗanda alhakin buɗe hanyar ya rataya a wuyansu.

Wace gasa ce?

Kambun ƙasa na ƙwallon raga na ɗalibai mata a jami'o'in Najeriya ana lashe shi ne a cikin Wasannin Jami'o'in Najeriya, waɗanda aka fi sani da NUGA. Babban taro ne da ke haɗa wasanni da dama a lokaci guda, kamar ƙwallon ƙafa da na kwando da na hannu da guje-guje da tsalle-tsalle, kuma ƙwallon raga na maza da na mata na cikinsu.

An fara wasannin a 1966 a Jami'ar Ibadan, lokacin da jami'o'in ƙasar biyar ne kacal: Ibadan, Nsukka, Ife, Legas da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ke nan Arewa tana ciki tun ranar farko. Zariya ta karɓi baƙuncin wasannin fiye da sau ɗaya, ciki har da na 2001. Jami'ar Bayero ta Kano ta karɓa a shekarun 1990, Jami'ar Maiduguri kuma a 2007. Karo na 26 an yi shi a Jami'ar Legas a watan Maris na 2022, inda Jami'ar Fatakwal ta zo ta ɗaya a jadawalin lambobin yabo. Jami'ar Jos aka bai wa karo na 27.

Sauran manyan makarantu suna da nasu. Kwalejojin kimiyya da fasaha suna da NIPOGA, kwalejojin ilimi kuma suna da NICEGA. Wannan na da muhimmanci ga yankunan karkarar Kano, domin ɗalibai mata da dama suna fara karatun gaba da sakandare ne daga kwalejin ilimi ko makarantar koyon aikin lafiya. A sama da waɗannan akwai wasannin jami'o'in Afirka ta Yamma, da na nahiyar Afirka, sai na duniya da hukumar FISU ke shiryawa.

Yadda ake buga wasan

Wani malamin motsa jiki mai suna William G. Morgan ne ya ƙirƙiri wasan a 1895 a garin Holyoke na jihar Massachusetts ta Amurka. An kafa hukumar wasan ta duniya, FIVB, a birnin Paris a 1947. Wasan ya shiga gasar Olamfik a Tokyo a 1964, inda matan Japan suka ɗauki lambar zinare a gida.

Kowane ɓangare yana da 'yan wasa shida a fili. Tsayin raga ga mata mita 2.24 ne, ga maza kuma mita 2.43. Idan ƙwallo ta tsallako, ɓangaren da ta zo wa yana da damar taɓa ta sau uku kafin ya mayar. A bisa al'ada ta farko ta tare, ta biyu ta ɗaga, ta uku ta doka da ƙarfi zuwa filin abokan karawa. Ana samun maki duk lokacin da ƙwallo ta faɗi a filin ɗaya ɓangaren, ko suka fitar da ita waje, ko suka karya doka.

Ana yin wasan ne turmi-turmi, kamar dambe. Wanda ya fara kaiwa maki 25 da ratar aƙalla maki biyu shi ya ci turmi, wanda ya ci turmi uku kuma shi ya ci wasa. Idan aka yi biyu da biyu, sai a raba gardama a turmi na biyar, wanda ke ƙarewa a maki 15. Tun 1998 aka shigo da 'yar wasan da ake kira libero, mai sanya riga daban da ta 'yan uwanta. Aikinta tsaron baya ne, kuma gurbi ne da yarinyar da ba ta da tsayi za ta iya shahara a cikinsa.

Yadda ake kaiwa matakin ƙasa

A wasannin da ake yi ƙungiya-ƙungiya, jami'o'i suna fara karawa ne a matakin shiyya, waɗanda suka tsallake su ne ke zuwa babban taro. Sharaɗin shiga shi ne 'yar wasa ta kasance ɗaliba ta haƙiƙa mai rajista a makarantar da take wakilta. Saboda haka ake tantance takardu kafin a fara, domin zargin shigo da sojojin haya, wato ƙwararrun 'yan wasan da ba ɗalibai ba, tsohon ƙorafi ne a wasannin makarantu a ƙasar nan.

Babbar matsalar gasar ita ce rashin tsayayyen lokaci. A ƙa'ida duk bayan shekara biyu ya kamata a yi ta. Amma an yi a Benin a 2011, a Ile-Ife a 2014, a Makurdi a 2017, sannan sai 2022 a Legas. Tazarar ƙarshen nan ta shekara biyar ta fi tsawon digiri mai shekara huɗu. Ko wasannin 2022 ɗin ma an yi su ne ana tsakiyar yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, wanda ya fara a watan Fabrairu ya ƙare a Oktoba. Ƙungiyar da ba ta san ranar gasarta ba da wuya ta riƙe 'yan wasanta a atisaye, da wuya kuma hukumar makaranta ta ware mata kuɗi.

Me 'yar wasa ke samu?

Wasan bai tsaya a lambar yabo ba. Hukumar Ƙwallon Raga ta Najeriya tana shirya gasar ƙungiyoyi ta ƙasa, kuma manyan ƙungiyoyin mata da yawa mallakin hukumomin gwamnati ne, irin su Kwastam da Rundunar Sojan Ruwa. A Arewa akwai Kada Emeralds ta Kaduna. Ga wasu 'yan wasa, wannan ce ƙofar samun aiki mai albashi da fansho.

Akwai kuma guraben da ba sai mutum ya yi fice a fili ba: malamar motsa jiki da kiwon lafiya, mai horaswa, alƙaliyar wasa, mai kula da raunin 'yan wasa. A jihar da iyaye da yawa ba za su yarda namiji ya horas da 'yarsu ba, ƙarancin mata a waɗannan guraben shi kansa shinge ne. Kowace ɗaliba da ta buga wasan a jami'a ta dawo gida da shaidar koyarwa, ta zama malamar da za a iya danƙa wa 'yan mata.

Kura da Bunkure: inda tsanin ya karye

Kura tana kan hanyar Kano zuwa Zariya, kimanin kilomita 30 daga birni. Ita da Bunkure da Garun Malam su ne cibiyar Shirin Noman Rani na Kogin Kano, wanda ke samun ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shirin, kuma kashinsa na farko an tsara shi ne a kan hekta 22,000. Daga nan shinkafa da alkama da tumatir da albasa ke fita zuwa sassan ƙasar, kasuwar Kwanar Gafan kuma ta yi suna a cinikin tumatir.

Wannan arziki yana da tasiri a kan lokacin yara mata. A wuraren da ake noman damina kaɗai akwai watannin sararawa bayan kaka. A yankin da ruwa ke gudana rani da damina, aiki ba ya yankewa. Mata suna turara shinkafa da shanya ta, suna yanka tumatir domin kauɗa, 'yan mata kuma su ne 'yan aike da masu talla. Sa'o'in la'asar da ake atisaye a makarantu su ne sa'o'in da gida ya fi buƙatar yarinya, bayan makarantar Islamiyya da ita ma ke da nata lokaci.

Tsanin da zai kai ta NUGA yana da matakai aƙalla huɗu: ta kammala firamare, ta zarce sakandare har ta gama, ta samu fili da mai koyar da ita a can, sannan ta ci jarrabawa ta samu gurbi a babbar makarantar da ke da ƙungiyar mata. Auren wuri da talauci suna cire wasu tun a mataki na biyu. Wadda ta fara taɓa ƙwallo a ajin farko na jami'a za ta tarar da takwarorinta da suka shafe shekara shida suna bugawa.

Yankin kuwa bai rasa cibiyoyi ba. A garin Karfi na ƙaramar hukumar Kura aka kafa cibiyar horas da wasanni ta jihar Kano, ɗaya daga cikin cibiyoyin da aka samar a zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015. Kwalejin ilimi ta Sa'adatu Rimi tana Kumbotso a kan wannan hanya ta Zariya, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana Wudil, Jami'ar Bayero kuma tana cikin birni.

Batun sutura da cuɗanya

Damuwar iyaye a kan sutura damuwa ce ta gaskiya, kuma hotunan da ake gani a talabijin suna ƙara ta. Sai dai ƙwallon raga ya bambanta da wasanni da yawa. Raga ta raba ɓangarorin biyu, babu gogayyar jiki da abokan karawa, kuma ana iya kafa filin a cikin katangar makarantar mata.

A matakin duniya ma an samu sauyi. A 2012 hukumar FIVB ta sassauta dokar sutura a nau'in wasan da ake yi a kan yashi, ta ba da damar sanya riga mai dogon hannu da dogon wando. A Olamfik ɗin Rio ta 2016, Doaa Elghobashy ta Masar ta buga sanye da hijabi. Megawati Hangestri Pertiwi ta Indonesiya ta shiga gasar ƙwararru ta Koriya ta Kudu a 2023 da kanta a rufe, ta kuma zama ɗaya daga cikin taurarin gasar. Matan Iran sun daɗe suna buga wasannin ƙasa da ƙasa a cikin cikakkiyar sutura.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

A Amurka, gasar jami'o'i ta mata da hukumar NCAA ke shiryawa ta fara a 1981, yanzu kuma ƙungiyoyi 64 ke shiga duk shekara. Jami'ar Stanford ta lashe sau tara. A ranar 30 ga Agusta, 2023, mutum 92,003 suka kalli wasan ƙungiyar mata ta Jami'ar Nebraska a filin wasa guda. Tushen wannan bunƙasa doka ce ta 1972 da ta haramta nuna bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, abin da ya tilasta wa makarantu buɗe guraben wasanni ga mata.

Misalin Kenya ya fi kusa da mu. Ita ce ta fi kowace ƙasa lashe kofin Afirka na mata. 'Yan wasanta suna fitowa ne daga gasar makarantun sakandare, da yawansu na karkara, sannan ƙungiyoyin hukumomi da kamfanoni irin su Kenya Prisons da Kenya Pipeline da KCB su ɗauke su aiki. A ƙasashen biyu, daga makaranta aka fara ginin.

Alhakin wa ne?

A matakin tarayya, tun Oktoban 2024 aka rushe Ma'aikatar Wasanni aka mayar da ayyukanta ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko. Amma makarantun firamare da sakandare na Kura da Bunkure suna hannun gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi ne. Kano ta ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole a 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf kuma ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a watan Yunin 2024. Jihar tana cikin bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 da dala miliyan 500 domin karatun sakandare na 'yan mata. A watan Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye.

Ga matashin da ke bibiyar kasafin kuɗi, akwai tambayoyin da za a iya gabatar wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar jiha, da kuma wakilan mazaɓun tarayya na Kura/Madobi/Garun Malam da Rano/Bunkure/Kibiya. Makarantun sakandaren mata nawa ne a yankin ke da fili da raga? Malamai mata nawa ne ke koyar da motsa jiki a cikinsu? Mata nawa cibiyar Karfi ta ɗauka tun kafuwarta? Nawa aka ware wa wasannin makarantu a kasafin bana, nawa aka saki? Game da jami'o'in tarayya kuwa, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar neman sanin yadda ake kashe kuɗin wasanni da ɗalibai ke biya a rajista, da kason da ke zuwa ga ƙungiyoyin mata. Dokar ta ba hukuma kwana bakwai ta bayar da amsa.