Yadda wasiƙar imel ta sa riga, da abin da ake ɓoyewa a ƙarƙashinta

Makon jiya wani uba ya tare ni a ƙofar lakkwal, salula a hannu. Ɗiyarsa da ta ci bak bara ta samu saƙon imel, wai wata jami'a a Kanada ta ba ta tallafin karatu. Saƙon ya yi kyau ƙwarai: ga tambari a sama, ga hoton ɗalibai suna dariya, ga wani shuɗin madanni da ke cewa a latsa a biya jikka 35 na rajista. Ya ce mini: "Mushe, duba mini kafin in saida akuya." Na ɗora yatsa bisa madannin na riƙe ba tare da na saki ba, sai adireshin gaskiya ya fito, kuma babu abin da ya haɗa shi da wata jami'a. Uban ya yi shiru, sannan ya tambaye ni yadda rubutu zai faɗi wuri ɗaya ya kai mutum wani wuri dabam. Amsar tana cikin tarihin imel ɗin kansa, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Da farko imel tsirara yake. A 1971 wani injiniya a Amurka mai suna Ray Tomlinson ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, shi ne kuma ya zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da sunan na'urarsa. A 1982 aka tsara dokokin da imel ke bi har yau, kuma dokokin sun yarda da tsarin haruffa guda ne tak, wanda ake kira ASCII, mai alamomi 128. Haruffan Turancin Ingilishi ne da lambobi da ƴan alamomin rubutu. Babu launi, babu hoto, babu é ta Faransanci, balle ɓ, ɗ, ƙ da ƴ namu. Abin da aka rubuta shi ake gani, kamar alli bisa allo.

Ƙuncin ya dami mutane, musamman waɗanda harshensu ba Ingilishi ba ne. A 1992 Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka fito da tsarin MIME. Dabararsu mai sauƙi ce: a raba wasiƙa gida-gida, kowane gida a rubuta masa a goshi abin da ke ciki, ko rubutu ne, ko hoto, ko sauti, da irin haruffan da aka yi aiki da su. A watan Maris na shekarar Borenstein ya aika hoto da waƙar ƙungiyar mawaƙan wurin aikinsa a liƙe da wasiƙa, don ya nuna abin yana aiki. A wannan shekarar dai Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar da a yau ke ɗauke da haruffanmu masu lanƙwasa.

Sai dai a tsara abu dabam, a yi aiki da shi dabam. Lokacin da na buɗe akwatin imel na farko a wani siber, ina sabon fita daga makarantar horon malamai, kowace é takan iso mini a matsayin Ã©, ƙ kuwa ta koma alamar tambaya. Mai aikawa ya rubuta da wani tsari, manhajar da ke karantawa ta zaci wani ne. Mun saba har muka daina sa lanƙwasa gaba ɗaya, kuma ina zargin wannan na cikin dalilan da suka sa har yanzu malamai da yawa ke rubuta kasa alhali ƙasa suke nufi.

Rigar ta zo ne daga wani gida. Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro HTML a cibiyar CERN kusa da Janeba, wajajen 1990, don gina shafukan intanet. Rubutu ne da ake cusa wa umurni a tsakani: nan a yi kauri, nan a sa ja, nan a ɗauko hoto daga wuri kaza, nan idan an latsa a tafi wuri kaza. Tun da MIME ya buɗe ƙofa, manhajojin Netscape da Microsoft suka fara aika wasiƙa da HTML a rabin ƙarshe na shekarun 1990. Hotmail, da Sabeer Bhatia da Jack Smith suka buɗe a 1996, daga haruffan HTML ma ya samo sunansa.

Ga wani abu da mutane kaɗan suka sani: wasiƙu da yawa tagwaye suke zuwa. A cikin ambulan guda akwai rubutu tsirara a farko, sannan mai riga a baya, manhajar ta zaɓi na ƙarshen da za ta iya nunawa. To a cikin mai rigar, madanni yana da fuska biyu. Akwai kalmomin da ido ke gani, akwai adireshin da ke ɓoye a cikin umurni, kuma babu dokar da ta ce sai sun yi daidai. An yi haka ne don a iya rubuta "latsa nan" maimakon dogon adireshi mai wuyar karantawa. Niyyar mai kyau ce, amma ta wannan kafa ɓarawon da ya nemi akuyar mutumin nan ya shigo.

Tsofaffin ma'abota imel ba su yi shiru ba. Wajajen 1998 wasunsu suka riƙa zana ɗan ƙyalle da haruffa a ƙasan wasiƙunsu, alamar sun ƙi HTML. An ɗauke su masu ƙin ci gaba, sai ga shi a ƙarshen 1999 ƙwayoyin cutar kwamfuta irin su BubbleBoy da Kak sun bayyana. Waɗannan ba sa buƙatar ka buɗe wani abin da aka liƙa. A Outlook Express, ganin wasiƙar kawai ya isa, domin manhajar tana bin umurnin da ke cikinta kamar shafin intanet ne. Daga nan masu gina manhajoji suka koyi yi wa wasiƙa wanka kafin su nuna ta: a cire duk umurnin da zai iya aiki da kansa, a tsare sauran cikin wani shinge da ba zai taɓa na'urar ba. Kowace manhaja da irin nata wankan, shi ya sa takardar da ta fito tsaf a kwamfutar darekta takan iso wayar malami a karkace. Outlook na 2007 ma injin Word ya ɗauka yana nuna wasiƙu da shi, abin da ya sa masu tsara saƙonni suka daɗe suna gina su da tebur cikin tebur.

Saura hoto, wanda ni a ganina ya fi sauran wayo. Sau da yawa hoton ba ya cikin wasiƙar, yana can a na'urar mai aikawa, sai ka buɗe wayarka ta je ta ɗauko. Idan aka sa hoto ƙarami kamar ɗigo, marar launi, mai lamba ta musamman gare ka, to da ka buɗe mai aikawa ya san akwatinka na da rai, ya san kuma lokacin da ka karanta. Outlook na 2003 ya fara toshe irin waɗannan hotuna sai mutum ya yarda. A Disamba 2013 Gmail ya koma ɗauko hotunan ta na'urorin Google, wanda ya ɓoye wurin da kake amma bai hana a san ka buɗe ba. A 2021 Apple ya ƙara nasa shingen, inda yake ɗauko hotunan ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba, don lissafin mai leƙen ya rikice.

Ni dai wasiƙun da nake aika wa iyaye tsirara nake barinsu, adireshi a fili, ko don ba sa cin mega. Abokan aiki na yi mini dariya, wai kamar takardar zamanin Diori.

Uban nan bai saida akuyarsa ba. Na shiga saitin wayar ɗiyarsa na kashe nuna hotuna kai tsaye, na koya mata latsawa ta riƙe kafin ta bi kowane madanni. Amma ta riga ta buɗe saƙon farko da hotunansa duka, kuma kafin Juma'a wasu guda uku sun iso mata: biyu daga Kanada, ɗaya wai daga Beljiyam.