Lambar NIN: yadda hukumomi suka mayar da ita wajibi

NIN lamba ce mai alƙaluma 11 da Hukumar Shaidar Ɗan Ƙasa, NIMC, ke bai wa 'yan Najeriya da baƙin da ke zaune a ƙasar bisa ƙa'ida, bayan an ɗauki hotonsu da zanen yatsunsu. A yau ɗan kasuwar Kantin Kwari ko ta Sabon Gari ba ya iya mallakar layin waya sai da ita, kuma layin nan ne ke sanar da shi shigowar kuɗin ciniki. Amma ta yi shekaru ba a damu da ita ba.

Yunƙurin ya girmi NIMC. A 2003 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta gudanar da rajistar katin ɗan ƙasa ta hannun kamfanin Sagem na Faransa, aikin da zargin cin hanci ya dabaibaye. Dokar 2007 ce ta kafa NIMC, sai dai hukumar ta tarar kowa na gina rumbunsa: INEC da rajistar masu zaɓe, hukumar kiyaye haɗurra da lasin tuƙi. A 2014 Babban Banki ya fito da BVN, ta kuma karɓu da sauri, domin wanda bai yi ba an hana shi taɓa kuɗinsa. Ita NIN ba ta da abin da take hanawa, don haka zuwa ƙarshen 2020 masu rajista ba su wuce kimanin miliyan 43 ba.

Al'amarin ya sauya a Disamban 2020, lokacin da ma'aikatar sadarwa a ƙarƙashin Isa Ali Pantami ta ba da umarnin haɗa kowane layi da NIN. An yi ta ɗage wa'adi, har a Afrilun 2022 aka toshe kira a miliyoyin layuka. JAMB ta wajabta lambar tun jarrabawar 2021, sannan a Disamban 2023 Babban Banki ya bukaci a haɗa ƙananan asusai da BVN ko NIN. A shekarar ta 2023 adadin ya haura miliyan 100, Kano na bin bayan Legas. Wayar da kai ba ita ta yi wannan aiki ba; wasu hukumomi ne suka ara wa NIMC ƙarfin da ba ta da shi.

Da ofisoshinta suka gaza ɗaukar cunkoson, sai aka ba kamfanonin waya da wakilai masu zaman kansu lasin yin rajista. A ƙaramar hukumar Fagge, inda manyan kasuwannin Kano suke, aikin ya koma ƙananan shaguna, wajen matashi mai kwamfuta da janareto. Rajistar farko kyauta ce a hukumance, amma gyara da kuɗi ake yi, kuma gyaran ya zama ruwan dare. Mutum ɗaya yana iya zama Muhammad a banki, Mohammed a takardar makaranta, Mamman a wurin rajista. Wani sunan garinsu ya ɗauka a madadin na mahaifi, wani kuma ranar haihuwar ƙiyasi aka rubuta masa. Ma'aikacin da ya san mutum kan kau da kai daga irin wannan saɓani. Na'ura ba ta yi, kuma ɗalibin da bayanansa suka saɓa na iya rasa jarrabawar shekara guda.

Ita kanta NIMC ta sha sauya uwar gida: an mayar da ita ma'aikatar sadarwa a 2020, sannan ma'aikatar harkokin cikin gida a 2023. Dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ba ɗan ƙasa damar kai ƙorafi kan yadda ake amfani da bayanansa, sai a Yunin 2023 aka sanya mata hannu, bayan an riga an tattara na mutum miliyoyi.