Daga Fijo zuwa 'Yar Kwatano: Yaushe Mota Ke Buƙatar Juye?

Yau ina so mu duba asalin maganar nan da kowa ke ji a gareji: wai kowane kilomita 5,000 sai an yi juyen baƙin mai.

Daga Amurka ta taso. Can ne aka daɗe ana cewa a canza mai kowane mil 3,000, wato kusan kilomita 4,800, a zamanin da mai ke saurin lalacewa, injin kuma na kafireto ne. Da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, irin waɗannan injina ne iyayenmu sunka saba da su. Fijo 404 da 504 su ne ke jigilar mutane da hatsi daga Sabon Birni zuwa Isa, Shinkafi, har Ƙauran Namoda inda jirgin ƙasa ya tsaya tun 1929. Lissafin ya dace da lokacinsa.

Bayan 1986, da tsarin SAP ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka, sai aka koma 'yan Kwatano. Injin ya canza, mai ya inganta, har wasu kamfanoni na cewa motarsu na iya yin kilomita 10,000 ko fiye. To amma littafin motar nan dai ya ce in ana tuƙi cikin ƙura, da zafi, da lodi mai nauyi, a rage tazarar. Ku gaya mani, Golf ɗin da ke zuwa kasuwar Shinkafi cikin hunturu, wanne ne babu a ciki? Ga shi mitar wasu motocin ta mutu, wasu an mai da ita baya kafin a sayar.

Don haka ni shawarata: ka rubuta rana da kilomitar juyenka a takarda. Ka zaro ma'aunin mai kowane mako da safe, mota na tsaye a daidai. Ka duba filtar iska da ruwan lagireto. Jikin taya akwai lamba huɗu. In ka ga 2318, mako na 23 ne na 2018 aka yi ta. Birki kuwa in ya fara kuka, kada ka jira ranar kasuwa ta wuce.

Na san tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 direba na lissafin kowace naira. Amma duk wanda ke bin hanyoyinmu ya san halin tsaro, ya san abin da mutuwar mota a daji bayan la'asar ke nufi. Fasinja ma yana da haƙƙin tambayar direba lafiyar motarsa kafin ya shiga.

Allah ya tsare mu, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir. Sai mun haɗu a shiri na gaba.