Rigimar cikon haƙori mai zaiba

Cikon haƙori mai launin azurfa kusan rabinsa zaiba ne, kuma rigima a kansa ta daɗe. A 1845 wata ƙungiyar likitocin haƙori a Amurka ta sa mambobinta alkawarin daina amfani da shi. Ƙungiyar ta watse a 1856, cikon ya ci gaba, saboda araha da ƙarko.

A ganina gurɓatar muhalli ce ta karya shi: yarjejeniyar Minamata ta 2013, sannan haramcin Tarayyar Turai daga 2025. Madadinsa, ciko mai launin haƙori, ya fi tsada. Masu saurarona kan tambaya ko su cire tsohon. Likitoci na cewa a bar shi in bai lalace ba, don cirewar kan saki tururin zaiba.