Daga Hahotoé zuwa Nayéga

A zangon Sokodé, inda na tashi, dattawa kan ƙirga shekaru daga faɗuwar jirgin Eyadéma a Sarakawa, ranar 24 ga Janairu 1974. Ya tsira, ya zargi Turawan da ke haƙar fosfat a Hahotoé, a watan Fabrairu kuma ya mayar da kamfanin hannun gwamnati. A shekarar farashin fosfat ya yi tashin gwauron zabo. Aka ciwo bashi, aka gina matatar mai da otal ɗin 2 Février a Lome. Da farashin ya faɗi, bashin ya hau kan kowa, har mu 'yan arewa da ba a taɓa nuna wa lissafin ba. Sai a 2010 Togo ta shiga EITI, tsarin bayyana abin da kamfanonin ma'adinai ke biyan gwamnati.

Yanzu ma'adinin ya zo ƙofarmu. A 2023 gwamnati ta kafa kamfaninta na haƙar manganis ɗin Nayéga, kusa da Dapaong. Na ji ana murna a tashar mota, wai arziƙi ya dawo gida. Haka aka ce a 1974. Na tambayi direbanmu nawa ne rabon ƙauyen a kowane tan, ya yi dariya ya tada mota.